Mi ya sa Zanzibar? Kanumfari, harshe da iyakar Konni

Tsakanin ɗan Nijar da teku sai labari. Daga Yamai zuwa Kotonu tafiyar sama da kilomita 1,000 ce a cikin kar, wannan ma in hanya na buɗe. Don haka in anka ce ɗalibi mai jiran bursu ya zaɓi tsibirin da za shi yi bakans, farko dai dariya za a yi. Amma zaɓe ba ya cin ko dala, kuma wurin da mutum ya sa ma rai yana nuna abin da yake nema a duniya. Ni na zaɓa, kuma ina da hujja.

Tsibirai huɗu na jera. Akwai Gore, kusa da Dakar, inda sefa ɗinmu ke aiki, amma ƙarami ne ƙwarai, kafin la'asar ka gama zagaye shi. Akwai Kap Ber, mai harshen Kiriyol da kowane ɗalibin ilmin harshe zai so ya ji da kunnenshi. Akwai Moris, can cikin tekun Indiya. Sai Zanzibar. In ka dubi hotunan da masu tallan otal ke bazawa a Facebook, duk tsibiran duniya ɗaya ne: farin rairayi, itacen kwakwa, shuɗin ruwa. To, rairayi kam, mu masu Tenere ba a yi muna burga da shi. Tambayar da na auna su da ita ita ce: wane ne cikinsu tarihinshi ya taɓa ni, ni ɗan Birnin Konni? Da wannan ma'auni Zanzibar ta wuce sauran da nisa, kuma ta hanyoyi uku: ta tukunyar shayi, ta baki, da ta iyakar ƙasa.

Iska ce ta gina ta

Zanzibar ba tsibiri guda ba ne. Manyan biyu ne, Unguja da Pemba, da ƙanana barjat kewaye da su, a gaban gaɓar Tanzaniya. Unguja shi ne wanda baƙi ke nufi in sun ce Zanzibar. Tsawonshi kamar kilomita 85. A ƙidayar 2022 mutanen tsibiran duka sun kusa miliyan 1.9, kuma kusan dukansu Musulmi ne. Sunan kanshi daga Farisanci ya fito, zang da bar, wato gaɓar baƙaƙen mutane. Ka ga ke nan tun daga suna, baƙo ne ya raɗa.

Abin da raƙumi ya yi ma Agadas, shi iska ta yi ma Zanzibar. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar da suke kira kaskazi tana busowa daga arewa maso gabas, ta turo jiragen katako daga Oman, Farisa da Indiya. In watanni sun juya sai kusi ta taso daga kudu ta maida su gida. Tsakanin iskokin biyu dole fatake su zauna su jira, kuma wanda ya zauna wata da watanni a gari, ka san sauran: ciniki, aure, masallaci, ƴaƴa. A ƙauyen Kizimkazi, kudancin Unguja, akwai masallaci mai rubutun Kufi a bangonshi da ke ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107.

Turawan Fotugal sun iso gaɓar a 1498 tare da Vasco da Gama, sunka riƙe ta kusan shekara 200. A 1698 Larabawan Oman sunka ƙwace ganuwarsu ta Mombasa, ikon Fotugal a wannan yanki ya karye. Tsohuwar ganuwar da ke bakin ruwa a birnin Zanzibar, Ngome Kongwe, Omanawa ne sunka gina ta jim kaɗan bayan haka. Sai wajen 1840 sarkin Oman, Sayyid Sa'id bin Sultan, ya yi abin da ba a saba gani ba: ya ɗauke fadarshi daga Maskat ya maido ta Zanzibar. Sarki ya bar ƙasar ubanninshi ya bi kasuwa. Bayan rasuwarshi a 1856 ƴaƴanshi sunka raba gado, ɗaya ya riƙe Oman, ɗaya, Majid, ya riƙe Zanzibar.

Abin da ke cikin ƙullin kanumfari

Wace kasuwa ce ya bi? Hauren giwa, bayi, da kanumfari. Wannan ɗan tsinken da iyayenmu mata ke jefawa cikin kunu da yaji, wanda muke ɗorawa a haƙori mai ciwo, wanda mai shayi ke sa ma barada, asalinshi tsibiran Maluku ne a Indunusiya. An kawo itacen Zanzibar a farkon ƙarni na 19, Sayyid Sa'id ya matsa ma masu gonaki su dasa shi, har tsibiran sunka zama kan gaba a duniya wajen noman shi. A 1872 guguwa ta kwantar da mafi yawan itatuwan Unguja, daga nan Pemba ta karɓi gaba.

Kanumfari furen itace ne da ake tsinkewa da hannu tun bai buɗe ba, a shanya a rana har ya yi baƙi. Aiki ne mai cin hannuwa da yawa cikin ɗan lokaci. Hannuwan nan na bayi ne, waɗanda ayari ke korowa daga cikin nahiya, daga wajen tafkin Tanganyika, tafkin Malawi da gabashin Kwango, dubbai kowace shekara. Wasu a saida su ƙetare, wasu a tura su gandayen kanumfari. Mafi shahara cikin madugan wannan fatauci shi ne Hamid bin Muhammad, wanda duniya ta sani da Tippu Tip. Ya rasu a 1905, gidanshi na nan cikin tsohon birni, kuma ya bar tarihin rayuwarshi da ya rubuta da Swahili cikin baƙaƙen Larabci, wato ajaminsu.

A 1873 Ingila ta tilasta ma Sarki Bargash rufe kasuwar bayi ta birnin. A daidai filin kasuwar ne anka gina babbar majami'ar Angilika ƙarƙashin jagorancin Bishop Edward Steere. Bautar kanta ba a soke matsayinta a shari'a ba sai 1897. Yau a harabar majami'ar akwai rami da gumakan mutum biyar a tsaye, sarƙa a wuya. Nan ne wuri na farko da zan fara zuwa, kafin bakin ruwa.

Amma ba zan je in tsaya ina girgiza kai kamar abin na wasu ne ba. Mu ma mun san rinji, mun san kasuwannin da anka saida mutane a Damagaram da ƙasar Sakkwato. A Nijar sai 2003 doka ta maida bauta laifin da ake ɗaure mutum a kanshi, kuma a 2008 ne kotun CEDEAO ta ba Hadijatu Mani gaskiya a kan ƙasarmu. Har gobe akwai gidajen da in za a yi aure sai an bincika "asali". Zanzibar aƙalla ta kafa alama a inda abin ya faru, tana kai baƙi su gani. Mu ina tamu alamar?

Harsuna biyu, malami ɗaya

Hanya ta biyu ita ce wadda ta fi ja na, don ita ce karatuna. Hausa da Swahili ba dangi ba ne: tamu daga zuriyar Cadi take, tasu Bantu ce. Amma duka biyun harsunan kasuwa ne da sunka wuce iyakar masu su, duka an rubuta su da ajami kafin boko, kuma duka sun yi aro mai yawa daga Larabci. Kalmar kanumfari ita kanta shaida ce. Balarabe ya ce ƙaranful. Ta ratso hamada ta zama kanumfari a bakinmu, ta ratsa teku ta zama karafuu a bakinsu.

Abin daɗin shi ne kowane harshe da irin cin da ya yi ma kalmar aro. Mu sau da yawa mukan haɗiye ta har da al ɗin Larabci: alƙalami, alƙali, labari, lokaci, littafi. Su kuwa sukan yar da shi: kalamu, kadhi, habari, wakati, kitabu. Dubi wannan ta ƙarshe da kyau. A Swahili akwai rukunin sunaye masu ɗafa-goshin ki, jam'insu kuma da vi, kamar kiti da viti, kujera da kujeru. Da kitab ta shigo, kunnensu ya ji ki ɗin nan kamar nasu ne, sai jam'i ya zama vitabu. Mu kuma munka ɗauki al-kitab munka murɗe ta ta zama littafi, munka yi mata jam'i irin namu, littattafai. Kalma guda, gida biyu, kowa ya ɗinka mata rigar gidansu.

A ƙidaya ma Bahaushe ba zai ɓata a kasuwar Darajani ba: ishirini, thelathini, arobaini, hamsini. Safiya asubuhi ce, duniya dunia, sabulu sabuni. A ranakun mako akwai wani abin ban dariya. Suna fara ƙirga daga Asabar, Jumamosi, rana ta ɗaya, har zuwa Laraba, Jumatano, rana ta biyar. Kashegari kuma sai Alhamisi, wadda a Larabci ita ma ta biyar take nufi. Mako guda, ranar biyar sau biyu. Kuma matafiyi ya kiyaye da agogonsu: suna fara ƙirga awa daga fitowar rana, don haka in an ce maka jirgi zai tashi saa moja asubuhi, ba ƙarfe ɗaya ba ne, bakwai na safe ake nufi.

Akwai kuma darasin da ya shafe mu kai tsaye. Tsoffin waƙoƙin Swahili na ajami mafi yawansu da karin arewa anka rubuta su, na Lamu da Pate da Mombasa. Amma da masu mulkin mallaka sunka zauna a Mombasa a 1928 don tsaida daidaitaccen harshe, karin Unguja sunka ɗauka, don shi ayarin fatake ya riga ya kai cikin nahiya, shi kuma ƴan mishan irin su Steere sunka riga sunka rubuta ma nahawu. Karin kasuwa ya ci, karin waƙa ya koma "na gida". Duk wanda ya taɓa rubuta sunka ko anka, malami ya ja mashi jan biro ya ce suka da aka ne daidai, ya san wannan labari. Unguja ita ce Kanon Swahili.

Yadda anka biya Faransa

Hanya ta uku ita ce wadda ba a faɗa muna a lakkwal ba. A 1862 Ingila da Faransa sun sa hannu cewa za su mutunta ƴancin sarkin Zanzibar. A ranar 1 ga Yuli 1890 Ingila ta shirya da Jamus: ta ba ta ɗan tsibirin Heligoland da ke tekun arewacin Turai, Jamus kuma ta yarda Zanzibar ta shiga ƙarƙashin Ingila. Faransa ta ce ina alkawarin 1862? Ba don tausayin sarkin Zanzibar ta yi magana ba, rabonta take nema. Sai a ranar 5 ga Agusta 1890 anka sallame ta da abu biyu. Na farko, Ingila ta amince mata da Madagaska. Na biyu, ta amince cewa duk abin da ke kudu da Aljeriya na Faransa ne har zuwa wani layi da ya tashi daga Sayi a bakin Kwara ya ƙare a Barruwa a bakin tafkin Cadi, da sharaɗin a bar ma kamfanin Ingila duk abin da yake na daular Sakkwato.

Sayi fa, wadda ke nan kudu da Yamai. Wannan layi shi ne kakan iyakar Nijar da Nijeriya. Waɗanda sunka ja shi ba su taɓa shan ruwan rijiyarmu ba. Firaministan Ingila na lokacin, Salisbury, har ba'a ya yi a majalisa cewa abin da anka ba Faransa rairayin Sahara ne. Bayan an sa hannu ne Faransa ta turo Monteil ya zo ya ga abin da ta samu, ya bi ta Sayi, Sakkwato, Kano da Kukawa.

A 1898 anka sake zama, anka zana baka mai faɗin mil 100, kamar kilomita 160, kewaye da Sakkwato. A kan takarda Konni ta faɗa ɓangaren Ingila. Wannan bai hana rundunar Voulet da Chanoine, da anka turo ta bi layin zuwa Cadi, ta afka ma Lugu ta Sarauniya ba, ta kuma yi ma Birnin Konni kisan da har yau tsofaffi ke ba da labari, duk a 1899. Faransa ta ci gaba da kuka cewa ba ta da hanya mai rijiyoyi tsakanin kogi da Damagaram. A 1904 anka matso mata da iyakar kudu, ita kuma ta saki haƙƙin da take da shi a gaɓar kamun kifi ta wani tsibirin, Terre-Neuve, can kusa da Kanada. Anka ƙarasa gyara a 1906, Tilho da O'Shee sunka bi daji suna kafa alamu.

Daga Konni zuwa Illela ƴan mintoci ne a kan kabu-kabu. Ina da ƴan uwa can, kaka ɗaya muke. Su sun yi boko da Ingilishi, ni na yi da Faransanci. Su naira, ni sefa. In an rufe iyaka, biki da jana'iza ma sai ta ɓarauniyar hanya. In ka bi zaren wannan rabuwa baya, za ka iske bakinshi ɗaure da tsibirin kanumfari, tsakiyarshi kuma da tsibirin kifi. Ta yaya zan ce Zanzibar baƙon wuri ne gare ni?

Daga minti arba'in zuwa juyin mulki

Su ma can kariyar Ingila ba ta zo masu da sauƙi ba. A ranar 27 ga Agusta 1896 Khalid bin Bargash, wanda ya hau gado ba da yardar Ingila ba, ya ƙi sauka. Jiragen yaƙi sunka buɗe ma fada wuta. Cikin kamar minti 40 an gama, mutanen sarki wajen 500 sun mutu ko sun ji rauni. Masu jagorancin baƙi na son ba da shi a matsayin yaƙi mafi gajarta a tarihi, kamar abin nishaɗi. Ga waɗanda ke cikin fadar ran nan, minti 40 ya isa.

Kusa da wurin ne Beit al-Ajaib yake, gidan abubuwan al'ajabi, da Bargash ya gina a 1883, gini na farko a tsibirin da ya samu lantarki da na'urar hawa bene. Wani sashe nashi ya rushe a Disamba 2020.

Ingila ta ba da mulkin kai a ranar 10 ga Disamba 1963, ta bar sarki a kan gado. Amma a zaɓen da anka yi a watan Yuli na shekarar, jam'iyyar Afro-Shirazi ta samu fiye da rabin ƙuri'u, ta tashi da kujera 13 kacal cikin 31. Wata guda bayan ƴanci, ranar 12 ga Janairu 1964, ƴan tawaye ƙarƙashin John Okello, ɗan asalin Yuganda, sunka kifar da Sarki Jamshid. Abeid Karume ya zama shugaba. Dubban Larabawa da Indiyawa sun mutu ko sun gudu, ciki har da talakawan ƙauye masu ƙananan shaguna da ba su taɓa mallakar gandu ba. A ranar 26 ga Afrilu 1964 Zanzibar ta haɗe da Tanganyika, daga sunayen biyu anka ƙera Tanzaniya. Cikin matasan da sunka bar tsibirin a shekarun da sunka biyo baya akwai Abdulrazak Gurnah, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2021. Bashin gandun kanumfari ne anka biya da jini, kuma da yawa cikin waɗanda sunka biya ba su ne sunka ci bashin ba.

In Allah ya kawo kuɗin jirgi

Hanya daga Yamai ta Adis Ababa take, ko kai tsaye zuwa tsibirin, ko a sauka Darussalam a shiga jirgin ruwa na kamar awa biyu. A nemi biza tun daga gida, a riƙe katin allurar shawara. A kauce ma Maris zuwa Mayu, lokacin babbar daminarsu da suke kira masika. Yuni zuwa Oktoba ya fi sanyi da bushewa. Mai son kiɗa ya nufi Fabrairu, watan bikin Sauti za Busara.

Kwana uku na farko na tsohon birni ne, Mji Mkongwe, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000, shekara 13 kafin Agadas. Gidajen dutsen murjani, lunguna da mota ba ta shiga, ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Da magariba a gangara Forodhani inda ake gasa kifi a bakin ruwa. A nemi inda ake kiɗan taarab, wanda Siti binti Saad, ƴar talakawan ƙauye, ta fitar daga fada ta rera da Swahili, har ta je Bombay ta ɗauki faifai a 1928. A je gonar kayan yaji a ga kanumfari a kan itacenshi, kore shar, kafin ya zama baƙin tsinken da muka sani. A dajin Jozani akwai jan biri irin wanda babu shi ko'ina sai a tsibiran Zanzibar. A Changuu akwai manyan kunkuru da anka kawo daga Seshel. A Nungwi har yanzu ana sassaƙa jiragen katako da hannu.

Bakin ruwa kuwa, ni gabas zan nufa, Paje ko Jambiani. Can in teku ya janye za ka ga mata cikin ruwa iya gwiwa suna noman ciyawar teku a kan igiyoyi, abin da ake saye da arha a kai waje. Bayansu kuma ga otal-otal masu tafkin wanka, a ƙauyukan da ruwan sha ke wahala. Mu da munka tashi da jarka a layin pampo ba sai an yi muna bayani ba. Don haka in na je, gidan baƙi na ƴan gari zan sauka, in ci inda suke ci, in sa tufa irin wadda zan iya shiga kasuwar Konni da ita, in kuma roƙi izini kafin in ɗaga waya in ɗauki hoton kowa.

Kafin nan akwai abin da ba ya bukatar biza. Mu da ke sashen harsuna muna iya fara jera kalmomin aro na Hausa da na Swahili gefe da gefe, mu ga waɗanda munka ɗauka tare da waɗanda kowa ya ɗauka shi kaɗai. Ni na fara nawa jerin a bayan kayen nahawu, na kai kalma talatin da ƴan kai. Wanda ke da wasu, ko ɗan tarihi da ke son mu bi layin Sayi zuwa Barruwa gari-gari a kan taswira, ya same ni a zaman ƙungiya mai zuwa, mu haɗa su a fitowa ta gaba.